TSOHUWAR KWAMFUTA A GIDA: WANE LINUX YA KAMATA A SA MATA?



Lokacin da kwamitin shirye-shirye ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabi a taron bana, sai da na duba bayan ambulan don in tabbatar ba kuskuren suna aka yi ba. Malamanmu na lissafi da ke zaune a nan sun san inda nake zama a aji, can layin baya kusa da taga, kuma sun san abin da nake samu a jarrabawa. A zamaninmu babu kwamfuta ko guda a makarantar nan. Abin da muka sani shi ne tafireta a ofishin shugaban makaranta, da injin gurza takardun jarrabawa wanda masinja ke juyawa da hannu har tawada ta ɓata masa riga. To ga shi yau wannan na layin baya shi aka tsayar ya yi maganar kwamfuta a gaban malamansa. Sai ku yi haƙuri da abin da kuka shuka.

Kafin in shiga magana akwai bashin da ke wuyana, kuma gara in biya shi a gaban jama'a. Da yawanku kun tuna shekarar da nake magatakardan ƙungiya, aka wayi gari rajistar 'yan ƙungiya ta ɓace: sunaye, da lambobin waya, da lissafin gudummawar da aka tara wa iyalan 'yan'uwanmu da suka rasu, da hotunan taron shekaru da dama. A lokacin na ce muku kwamfuta ce ta lalace. Gaskiyar magana ba ta tsaya nan ba. Kwamfutar tawa kwafin sata na Windows ne a kanta, irin wanda ake sa wa mutum a kasuwa da 'yan kuɗi kaɗan, ba ta karɓar sabuntawa, ba ta da wata kariya. Na kai filash ɗina wani shagon buga takardu, na dawo na soka shi, sai duk jakunkunan takarduna suka rikiɗe suka ƙi buɗuwa. Hankalina ya tashi, na ɗauke ta na kai wa wani yaro, shi kuma bai yi wata-wata ba ya goge ta tas ya sake zuba mata wani kwafin. Sai daga baya na gane cewa wannan cuta ɓoye takardu kawai take yi, ba ta cinye su, da an bi a hankali da an fito da komai. Ban ajiye kwafi a ko'ina ba. Laifin nawa ne, kuma kunyar wannan abu ita ta sa na zauna na koyi abin da zan gaya muku yau.

Me ya sa maganar ta taso yanzu? A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows XP a 2014 da Windows 7 a 2020. An bar wata 'yar ƙofa ta ƙarin shekara guda, zuwa Oktoba 2026, ga wanda ya yi rajista. Ƙarewar tallafi ba ta nufin kwamfuta za ta mutu a ranar. Za ta ci gaba da tashi, amma ramukan da ɓarayin intanet ke ganowa ba za a riƙa toshe su ba, tamkar gidan da aka sallami mai gadi aka bar ƙofa a saye. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗanta: tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai injin zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2017. To ku duba gidajenmu a Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha. Yawancin kwamfutocin da muka saya wa yara na hannu ne, kwancen Turai da Amurka, waɗanda ofisoshin can suka gama da su. Suna da ƙarfi, sun jure ƙurar hunturu da ɗauke wuta, amma da yawansu ba su cika wannan sharaɗi ba. Mai hali zai sayi sabuwa. Wanda ke fama da kuɗin makaranta da na haya fa?

A nan ne Linux ke shigowa. Kowace kwamfuta tana da abin da zan kira uwar manhaja, wadda ke tashin inji, ta kula da allo da madannai da ajiya, sa'an nan sauran manhajoji su hau kanta. Windows ɗaya ce daga cikinsu, Linux wata ce. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya fara wani aiki da ya kira GNU, da nufin a samu uwar manhaja wadda kowa ke da 'yancin ya yi amfani da ita, ya buɗe cikinta ya karanta, ya gyara, ya kuma kwafa wa maƙwabcinsa ba tare da ya zama ɓarawo ba. A 1991 kuma wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar injin, ya saki a intanet. Da aka haɗa biyun sai abu ya tashi. Kada wani ya ɗauka kayan wasan yara ne: tun daga Nuwamba 2017 duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya Linux suke amfani da shi, kuma wayar Android da ke aljihun yawancinmu a kan zuciyar Linux aka gina ta. Wato kun daɗe kuna amfani da shi ba ku sani ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, idan ka je neman Linux ba za ka tarar da abu ɗaya ba, sai ka ga sunaye ɗaruruwa. Mu mutanen Kakuri bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan unguwarmu a 1975, kuma duk mun san 504: akwai salun ta manyan ma'aikata, akwai doguwa ta haya mai zuwa Kano da Jos, akwai akori-kura ta ɗaukar buhuna. Gida ɗaya ne, inji kusan iri ɗaya, jiki ne da aiki suka bambanta. Haka Linux yake. Tun da an ba kowa izini, sai ƙungiyoyi da kamfanoni daban-daban suka ɗauki injin, kowa ya ɗora masa nasa jiki da kujeru. Kowane irin haɗi zan kira shi samfuri. Tambayar da ke gaban mai gida ita ce, wace mota ce ta dace da hanyar ƙauyensa da kayan da zai ɗauka?

Manyan gidajen ba su da yawa. Akwai Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, 'yan sa kai ne ke tafiyar da shi har yau, ba ya gaggawa, kusan duk shekara biyu yake fitar da sabo. Daga jikinsa ne wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar da Ubuntu a Oktoba 2004. Sunan ma kalma ce ta Zulu da Xhosa mai ma'anar mutuntaka. Daga jikin Ubuntu kuma wani Bafaranshe, Clément Lefebvre, ya fitar da Linux Mint a 2006. Kaka, ɗa, da jika ke nan. A wani gefen akwai Fedora, wanda kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyinsa. Ni da Ubuntu na fara, a lokacin da masaƙar da nake aikin lantarki a cikinta ta rufe na koma gyaran kwamfuta. A wancan zamani idan ka cika takarda a intanet sai su aiko maka da faifai kyauta ta gidan waya, har zuwa 2011 da suka daina. Na tuna na karɓi nawa na ajiye a durowa ya fi shekara, ina ganin abin banza ba ya kai tsaye. Sai da rajista ta ɓace sa'an nan na nemo shi.

Ko a ƙasar nan an taɓa gwadawa. A tsakiyar shekarun 2000 an fitar da wani samfuri mai suna Wazobia Linux da nufin a yi aiki da shi cikin Hausa da Yarabanci da Ibo, kuma a 2007 an raba wa yaran wata firamare a Galadima ta Abuja ƙananan kwamfutocin nan kore da fari, waɗanda Linux ne a cikinsu. Ba su yi nisa ba, kuma a ganina dalilin ya shafe mu: raba abu ba wuya, wanda zai zauna yana kula da shi bayan an watse shi ne aiki.

Saboda haka idan mutum ya zo shagona ya ce wanne ya fi kyau, ba na amsa masa sai na fara tambayarsa wa zai gyara masa in ta cije. Wannan ita ce tambaya ta farko, ta fi ƙarfin inji muhimmanci. Idan ɗanka ko maƙwabcinka Ubuntu ya sani, sa Ubuntu. Idan ka zaɓi wani baƙon samfuri wanda babu mai amfani da shi daga nan har Gonin Gora, ranar da firinta ta ƙi aiki kai kaɗai za ka yi ta zufa.

Na koyi wannan ne a jikin ɗaya daga cikin malamanmu, yana zaune a nan, ba zan kama suna ba, ga shi can yana murmushi. Bayan ya yi ritaya ya ce yana so ya rubuta tarihin garinsu, ya kawo mini tsohuwar kwamfutarsa. Ni kuwa lokacin ɗokin sabon ilimi na ɗibata, sai na sa masa irin samfurin da ƙwararru ke so, wanda ba shi da ranar fitowa, kullum sabuntawa yake yi. Cikin mako biyu datar da ya saya ta wata guda ta ƙare. Ya daina sabuntawa, aka yi wata huɗu, da ya sake gwadawa sai abu ya harɗe, allo ya yi baƙi. Sau uku ina hawa Keke Napep zuwa Sabon Tasha. A zuwa na uku ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon nan da muka sani, ya ce shi rubutu ya ce zai yi, bai ce zai koma makarantar koyon kanikanci ba. Na goge na sa masa Linux Mint, bayan na kwashe babi-babin littafinsa a filash biyu. Yanzu idan na je gidansa gaisuwa ce ke kai ni. Ranka ya daɗe, muna jiran littafin.

Don haka ga shawarata, kuma ba zan ɓoye ba ina da ɓangare. Ga gidan da ake son rubuta wasiƙa, da aikin makarantar yara, da shiga intanet, da kallon bidiyo, Linux Mint nake zaɓa. Fuskarsa ta yi kama da Windows ɗin da aka saba, maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, agogo ta dama, uwargida ba ta buƙatar darasi kafin ta gane hanya. Yana zuwa da Firefox da LibreOffice a ciki. Mint 22 da ya fito a Yuli 2024 an yi alkawarin kula da shi har 2029. Nauyin saukar da shi kusan giga 3 ne, alhali Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6, kuma wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san bambancin. Ubuntu ba shi da laifi, shi ne ma ya fi yawan bayanai a intanet in an samu matsala. Amma a kula da lambarsa: lambobi biyun farko shekara ce, biyun ƙarshe wata. A ɗauki wanda ya fito a watan Afrilu na shekara mai cika biyu-biyu, kamar 22.04 ko 24.04, masu alamar LTS, domin su ake kula da su shekara 5. Sauran na tsakani wata 9 kawai suke yi. Fedora yana da kyau ga ɗalibin da ke karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha, amma sau biyu a shekara yake fitowa kuma kowanne kimanin wata 13 ake kula da shi, don haka ba na kai shi gidan dattijo. Debian na wanda ya ɗan ƙware ne kuma yake son zaman lafiya. Sa'an nan ina roƙon iyaye, idan yaro ya ce zai sa Kali a kwamfutar gida don ya ga ana yi a fim, a hana shi. Wannan kayan aikin masu binciken tsaro ne, ba a yi shi don aikin gida ba.

Sai batun ƙarfin injin. Abin da za a duba shi ne ram, wato faɗin teburin da kwamfuta ke baza aikinta a kai. Idan giga 4 ne ko fiye, Mint mai fuskar Cinnamon zai tafi. Idan giga 2 ne, a ɗauki Mint mai fuskar Xfce ko kuma Lubuntu, sun fi sauƙin nauyi, ko da yake in aka buɗe shafuka da yawa a intanet sai an yi haƙuri. Waɗanda suka tsufa ƙwarai, masu bit 32, manyan samfura sun sallame su: Mint ya daina tun 2020, Debian 13 na Agusta 2025 ma bai fitar musu da faifan sakawa ba. Irin waɗannan sai a gwada antiX ko Puppy, in sun ƙi a bar su su huta. Kuma in akwai 'yan kuɗi kaɗan, a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD. A duk gyaran da nake yi babu wanda ke mayar da tsohuwa yarinya kamar wannan, kuma tun da babu abin da ke juyawa a cikinsa ya fi jure faɗuwa da jijjiga.

Yanzu bari in faɗi abin da masu tallar Linux ba su cika faɗa ba. CorelDRAW ba ya aiki a kansa, Photoshop ma haka. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, suna aiki sosai, amma wanda abincinsa ke shagon buga katin biki da kalanda, kuma abokan cinikinsa da takardun Corel suke zuwa, kada ya taɓa kwamfutar shagonsa. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, yana kuma ajiyewa a irin tsarinsu, sai dai takarda mai ado da tebura da yawa wani lokaci takan ɗan goce. Maganinta shi ne a mayar da ita PDF kafin a kai bugu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma da yawa daga manhajojin gwaji da ake sayar wa yara don Windows ko waya aka yi su, saboda haka mai ɗan da zai zauna jarrabawa ya bincika tukuna. Wasu kwamfutocin cinya kuma wayales ɗinsu ba ya tashi da farko. Kada a firgita, a jona waya da igiya a ba kwamfutar intanet daga wayar, a buɗe wurin direbobi a cikin Mint, yawanci a nan ake samun abin da ya rage. Cututtukan Windows irin wadda ta ci rajistarmu ba sa kama Linux, amma filash mai ɗauke da su zai iya kai su wata kwamfutar, kuma babu uwar manhajar da za ta kare wanda ya ba ɗan damfara lambar sirrin bankinsa da bakinsa.

Akwai wani abu guda da zai faranta wa malaminmu na Hausa rai, wanda ya sha jan kunnenmu a kan ƙugiya. A cikin jerin madannai na Linux akwai na Hausar Nijeriya, ba sai an sayi komai ba. Da ka zaɓe shi za ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, a daina rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa.

Hausawa suka ce gani ya kori ji, kuma alherin wannan abu shi ne ana iya ɗanɗana shi ba tare da an taɓa komai ba. A sauke samfurin daga shafinsa na ainihi, a zuba shi a filash mai giga 8 da wata 'yar manhaja irin su Rufus ko Ventoy, a soka, a kunna kwamfuta ana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo. Linux zai tashi daga cikin filash ɗin, Windows na kwance a wurinsa. A gwada sauti, a gwada wayales, a jona firinta, a kira uwargida da yara su taɓa, domin su ne za su zauna da ita. In an cire filash komai ya koma yadda yake. Sai an gamsu sa'an nan a saka na dindindin, kuma kafin a danna wannan maɓalli a kwashe hotuna da takardu a wuri biyu, ba ɗaya ba. A tabbata batir ya cika ko janareta na kusa, don ɗauke wuta a tsakiyar sakawa ba abin wasa ba ne. Wanda ke tsoron rabuwa da Windows yana iya ajiye su biyu a kwamfuta ɗaya ya riƙa zaɓa lokacin kunnawa, amma wannan kada ya yi shi kaɗai a karon farko.

Na yi magana da malam shugaba, kuma shugabar makaranta ta ba mu aron ɗakin gwaje-gwaje ranar Asabar ta farkon wata mai zuwa, daga ƙarfe goma na safe. Ni da yarana biyu na shago za mu zo da filash da aka riga aka zuba wa Mint da Ubuntu da Lubuntu, don kada kowa ya ƙona datarsa. Ba za mu karɓi ko kwabo ba. Kowa ya zo da kwamfutarsa da cajarta, da filash na kwashe kayansa, in da hali da yaron da zai riƙa kula da ita a gida, domin shi nake so in koya wa. Wanda na duba na ga Linux bai dace da aikinsa ba, zan gaya masa ya koma da abarsa yadda ya kawo ta.

Roƙona na ƙarshe shi ne, duk wanda ke da tsofaffin hotunan taronmu, ko rasit na gudummawa, ko kwafin tsohuwar rajista ko da shafi ɗaya ne, ya taimaka ya zo da shi ranar. Na riga na sake haɗa fiye da rabin sunayen, suna ajiye a wuri uku, ɗaya a hannun ma'aji. Sunayen 'yan ajin da suka gabace mu ne har yanzu ke da giɓi, musamman waɗanda suka bar Kaduna bayan rufe masaƙu.

Malam shugaba, na ga kana duban agogo.